Kwalekwalen Bahago

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Iska daga gabas, ba ta da ƙarfi. Ƙanƙara ta ja baya daga bakin mashigi. Mun dawo garinmu Qaanaaq hannu rabbana.

Shekara talatin da ɗaya ina cika irin wannan littafi da labarin iska da ƙanƙara da abin da aka kama, ban taɓa rasa abin rubutawa ba sai yau. Jiya da hantsi Pavia, mijin 'yata Regine, ya jefi kifi mai haure, ƙaton nan da muke farauta. Jifan ya yi kyau, kowa ya gani. Kifin ya nutsa, igiyar mashi ta naɗe Pavia, kwalekwalensa ya kife, aka yi ta jan sa a ƙarƙashin ruwa kamar tsumma. Abokina Majaq ne ya cim masa ya yanke igiyar. Yana da rai. Hannunsa na hagu ne ba na son tunawa. Ɗazu jirgin sama ya tafi da shi asibitin Nuuk.

Kifin ya tafi da kan mashi a jikinsa, zai je ya mutu inda ba wanda zai ci.

Na ba karnuka abinci.

Laraba, 6 ga Agusta, da safe

Hazo. Ban fita ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, tsakar rana

Hannuna ya rasa abin yi, bari in ba shi alƙalami. Zan rubuta yadda ake shirya doron kwalekwale, yadda mahaifina ya koya mini, tunda ban taɓa rubutawa ba.

A gaban mutum ana gitta maɗauri shida na fatar karen teku, kowanne da maɓallan ƙashi da ake ja a tsuke shi. Fata, ba igiyar kanti ba, don fata in ta jiƙa tana ba da kai, in ta daskare ba ta karyewa. Wuƙa a ƙarƙashin na farko, inda hannu zai same ta ido a rufe. Gaba kaɗan faifan igiya a kan ƙafafunsa, igiyar mashi a naɗe a ciki zobe bisa zobe, kada wani ya hau wani. Abin da zai shiga ciki kuwa, safar hannu ta canji da ƙunshin busasshen nama, a tura su can ƙurya a ɗaure. Kada a bar ko cokali yana yawo tsakanin ƙafafu, ranar kifewa cokalin nan ya isa ya hana mutum fita. A bayan mutum salkar fata da aka hura da iska, a zaune kawai, ba a ɗaure tamau ba, yadda da kifi ya ja za a ture ta ta bi shi har ya gaji.

Saura wutsiyar igiya. Daga faifai take tasowa, ta bi ta gefen mutum, ta je ga salka. A gefen nan akan ɗinka 'yar ƙugiyar ƙashi ta riƙe ta, kada ruwa ya ɗauke ta. Gefen hannun da mutum yake jifa da shi, nan mashi yake kwanciya, nan igiya take bi. In ta bi ta ɗaya gefen, to mutum yana zaune ne a tsakiyar zarge. Wannan ko ɗan shekara goma ya sani.

Pavia bahago ne.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Na sauka bakin ruwa don kada a ce na ɓuya. Maza suna zaune a kan wani kifaffen jirgi ana shan kofi. Piitaq, ɗan ƙanwar Majaq, wanda bakinsa ya fi mashinsa kaifi, shi ke da fage.

"Ni fa tun farko na faɗa," in ji shi. "Mutumin Aasiaat can kudu, a jikin kalanda ya san kwalekwale. Ka ba shi inji da bindiga, ka gama masa komai. Igiya ta dama, jifa da hagu. Ko kare ka zaunar a ciki ai zai waiwaya ya duba."

Wani ya ce, "Sofus, kai da kake malamin ɗauri, surukinka ne fa. Ba ka taɓa leƙa masa ba?"

Na ce, "Kowa da doron kwalekwalensa."

Haka al'adar take, ba mai taɓa ɗaurin wani sai uba ga ɗansa. Ban faɗi ƙarya ba. Da gaskiya na yi amfani, shi ya fi muni.

Piitaq ya ce, "Ni dai baɗi ba zan zauna kusa da shi a ruwa ba. Mu mun je kamun kifi, shi ya je kamun kansa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Ina jin ta tana fita daga bakina, ban tare ta ba. Majaq kaɗai bai yi ba, yana ta goge wuƙarsa a gwiwa.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe shida na safe

Na je wurin katakan da muke ɗora kwalekwale kafin mutane su fito. Na Pavia yana nan yadda aka ɗora shi. Na ciro wani abu da bakin wuƙa, aikin minti ɗaya. Ba wanda ya gan ni sai karnukan Majaq, su kuma ba su yi haushi ba, sun san ni.

A coci na buɗe baki tare da kowa. Ban san waƙar da aka yi ba.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Regine ta zo da labarin waya. An cire yatsu biyu, jijiyar wuyan hannu kuma sai abin da Allah ya yi. A bakin ƙofa ta faɗa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ataata, ya ce a gaishe ka." Ataata, wato baba, haka take kirana.

"Ina amsawa. Ya yi maganar ranar?"

"Ya ce sakacinsa ne, wai garaje ya yi." Ta tsaya tana kallona. "Kai ka yarda? Mutumin da ke komawa sau uku ya duba murhu kafin ya fita?"

Na ce ruwa ba ya tambayar halin mutum. Irin maganar nan ta tsofaffi, wadda muke ajiyewa don ranar da ba mu son amsa tambaya.

Na ba karnuka abinci sau biyu, na manta na riga na ba su.

Alhamis, 14 ga Agusta, tsakar rana

Naduk, matata, ta juye aljihun wandona za ta wanke. Ina shigowa na tarar da abin a tsakiyar tebur, kusa da gwangwanin sukari. 'Yar ƙugiyar ƙashi, tsawon ɗan yatsa, kanta kan tsuntsu. Duk garin nan ni kaɗai nake sassaƙa musu kan tsuntsu. Kowa ya sani, da ma don a sani nake yi.

"Wannan daga ina ta faɗo?"

"Tsohuwa ce."

"Tsohuwa da sabon zare a wuya." Ta ci gaba da yanka albasa, ba ta ɗago ba. "Ni na kai maka kofi rumfa ranar da kake ɗinka ta, Sofus. Ka ɗauka makauniya ka aura?"

"Ba za ki gaya wa Regine ba."

"Ba ni na ɗinka ba, ba ni zan farke ba."

Na mayar da ƙugiyar aljihu. Ta zuba mini miyar nama ta ajiye, ita kuma ta ɗauki nata kwanon ta koma bakin taga. Shekara talatin da takwas ba mu taɓa cin abinci a wuri biyu ba.

Jumma'a, 15 ga Agusta, da hantsi

Ruwan sama da iska. Ban fita ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Littafi ba ya da baki, bari in gaya masa.

Bara war haka, a sansanin farauta, maɗaurin Pavia ɗaya ya tsinke na ƙulla masa. Ina juya baya na hango shi ya sa yatsa yana gwada ƙullin, har ya kwance ya sake ƙullawa. A gaban mutane. Raina ya ɓaci. Na ce, "To, ku zo ku ga ikon Allah, ɗan kudu zai koya mini ɗauri. Ku da kakanninku suka sayar da kwalekwalensu ga masu yawon buɗe ido." Maza suka kwashe da dariya, shi ya sunkuyar da kai. Wata guda ban yi masa magana ba. Shi kuwa bai fasa kawo mana rabonmu na nama ba, ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi.

Bana Naduk ta dame ni, wai yaron nan shekara biyar yana koyon abin da mu muka tashi a ciki, ya kife sau nawa ya tashi, ya isa a ce masa sannu. Ni ban iya sannu da baki ba. Saura kwana biyu mu fita na ce masa, "Kawo kwalekwalenka rumfata, zan shirya maka doron." Ya san abin da hakan yake nufi, uba ga ɗansa. Har idonsa ya kawo ruwa, na yi kamar ban gani ba.

Na yini a kai. Sababbin maɗauri, sababbin maɓallai, na shafa musu kitse. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba. Ina aiki ina tunanin yadda zai yaba. Na ɗauki ƙugiya na ɗinka ta inda hannuna ya saba ɗinka ta shekara arba'in, na bi da igiya ta nan. Ban tsaya na yi tunanin hannun wa nake yi wa ba. Sabo turken wawa, kuma ni ne wawan.

Shekara biyar yana cin abinci a teburina da hannun hagu, ina yi masa tsiya a kai.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Abin dariya, in akwai mai dariya. Majaq ya zo gida, wai maza sun tsorata da abin da ya faru, suna so in duba musu ɗauri kafin su koma mashigi jibi. Wai a ajiye al'ada gefe tukuna, idon gwani ake so.

Na ce idona ya tsufa.

Ya ce, "Idonka lafiyarsa ƙalau, tsoho. Ni ma nawa haka." Ya kurɓi kofi. "Ni na yanke igiyar nan, ka sani. A ruwa nake, amma idona a buɗe yake. Shekaranjiya na bi ta wajen katakai, na ga ramin allura biyu a gefen dama. Na ce ikon Allah, ɓeraye sun fara cin ƙashi."

Na ƙara masa kofi. Tare muka tashi da Majaq, rana ɗaya aka fara zaunar da mu a kwalekwale, ya san shiruna kala-kala.

"Ba ni da magana," in ji shi da zai tashi. "Yaron da ke Nuuk ma bai yi ba, ni wane ne? Naduk, kofinki ya fi na kullum ɗaci."

Ta ce, "Gidan ne haka."

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Na duba kwalekwale bakwai. Na Piitaq igiyarsa ta hau kanta a faifai sau biyu, ga kwalbar kofi tana yawo a ciki. Na gyara masa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Da surukinka ya kawo maka nasa, da yanzu yatsunsa goma."

Duk wanda ya matso kusa da ni sai in dafe aljihu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhamis, 21 ga Agusta, da safe

Sun tafi. Na ce bayana yana ciwo. Na ba karnuka abinci.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Na kai wa Regine nama na tarar da kwalaye a tsakar ɗaki. Tana naɗe kofuna a tsofaffin riguna.

"Wannan fa?"

"Aasiaat za mu koma. Ɗan'uwan Pavia ya sama masa aiki a wurin sarrafa kifi, hannu ɗaya ma ya isa."

"Shi ya ce?"

"Ni na ce. Shi cewa ya yi in bari ya dawo tukuna." Ta ɗaure bakin kwali ta ja da ƙarfi. "Jiya a kanti matar Piitaq ta ce mini, 'Sannu, ya jikin mai kamun kai?' Sunan da suka sa masa ke nan, Ataata. Ka ji shi ai. An ce kana wurin."

"Maganar bakin ruwa ce, za ta wuce."

"A garin nan? Kakan Majaq ya faɗa rami sau ɗaya, har yau ana kiran jikokinsa da shi. Ba zan haifi 'ya'ya a kira su 'ya'yan mai kamun kai ba."

Ita kaɗai gare mu. Aasiaat jirgin sama biyu ne daga nan, a shekara in an ga juna sau ɗaya an gode Allah. Na sa hannu a aljihu, na taɓa ƙugiyar, har na kama ta. Na ce, "Regine."

"Na'am."

"Kwalin nan bai ɗauru ba, kawo in gyara miki."

Na ɗaure mata kwalaye huɗu. Ɗauri mai kyau.

Lahadi, 24 ga Agusta, da safe

An ce jiya rana ta taɓa bayan dutse, karo na farko tun da ta daina faɗuwa a bazara. Duhu ya kama hanya. Ban je coci ba.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Sun dawo da kifi biyu. An aiko mana da mattak, fatar kifin, ɓangare mai kauri irin wanda ake ba manya, wai ladan duba ɗauri. Naduk ta yanka ƙanana ta ajiye a gabana. Tun ina yaro ba abin da nake so kamarsa. Na tauna ɗaya, na tauna, ya ƙi wucewa.

Ta ce, "Ci mana, gwani. Guminka ne."

Laraba, 27 ga Agusta, tsakar rana

Na karɓi lambar asibiti wurin Regine. Na buga, aka ce a jira za a kira Pavia. Na ji takunsa yana zuwa. Na kashe.

Kunya ba ciwo ba ce, amma ta hana ni cin abinci, ta hana ni kallon matata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun yaron nan. Da ya tona ni, da na yi fushi, da fushin ya riƙe ni. Ya bar ni da kaina.

Asabar, 30 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Pavia ya dawo. Ban je filin jirgi ba, ta taga na hango su suna hawowa, hannun a rataye a ƙirji cikin farin ƙyalle. Ya rame. Gobe Regine za ta yi kaffemik, a sha kofi a yi masa barka da dawowa, a yi sallama gaba ɗaya. Naduk tana gasa waina tun safe. Ta fito mini da farar rigata ta biki ta shimfiɗa a kan gado, ba ta tambaye ni ko zan je ba.

Lahadi, 31 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

Na je.

Gidan cike, takalma tuli a bakin ƙofa. Ana shiga ana fita yadda aka saba, wasu su sha su tashi wasu su zauna. Na jira sai da na ga mazan farauta sun zauna a tebur, na zauna tare da su. Pavia ya miƙe ya ba ni hannun dama. Ya ce, "Ataata, ka rame." Shi ke gaya mini.

Piitaq ya ɗaga kofinsa. "To, ɗan kudu, ka ga ruwanmu ya gan ka. In ka isa can ka gaya musu hagu daban, dama daban."

Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi kofunansu. Pavia ya yi murmushi ya ce, "Zan gaya musu." Regine tana tsaye da butar kofi.

Ban shirya magana ba. Na ciro ƙugiyar na ajiye a tsakiyar tebur, tsakanin farantin waina da na mattak. Duk wanda ke wurin ya san kan tsuntsun nan.

Na ce, "Wannan daga kwalekwalen Pavia na ciro ta. A gefen dama take. Ni na ɗinka ta, ni na bi da igiya, ni na shirya doron daga farko har ƙarshe. Bai sa hannu ba. Bayan an tafi da shi na je da sassafe na yanke ta don kada ku gani. Ramin allura yana nan, wanda yake so ya je ya duba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma tunda na fara na ƙarasa.

"Kun yi masa dariya, na taya ku. Kun kawo mini ɗaurinku, na duba, na ci ladan. In akwai mai kamun kai a garin nan, ga shi zaune."

Majaq ya miƙa hannu ya ɗauki waina. "To," in ji shi, "ɓeraye sun wanku."

Piitaq ya buɗe baki ya rufe. Tun da aka haife shi ban taɓa ganin haka ba. Can ya ce, "Pavia, ni bakina ne, ka sani." Pavia ya ce ya sani.

Regine ta ajiye butar. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ɗaure mini kwalaye, Ataata. Kana da wannan a aljihu ka ɗaure mini kwalaye." Ta shige ɗaki ta rufe.

Na nemo takalmana a cikin tulin, na daɗe ban gane su ba. A hanya Naduk ta biyo ni. A gida ta zuba miya ta kawo kwanonta tebur.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Sabuwar ƙanƙara siririya a bakin ruwa. Na hango Piitaq ya sauke kwalekwalensa yana kwance duk abin da na taɓa yana sake ɗaurawa. Daidai ne, ni ma haka zan yi. Mutane suna gaishe ni, gajeriyar gaisuwa. Regine ba ta zo ba.

Na ba karnuka abinci.

Jumma'a, 5 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Ina rumfa ina zaune ba aikin komai sai na ji ana jan abu a kan tsakuwa. Pavia ne da Majaq, sun ɗauko kwalekwalen. Suka ɗora a kan katakan aiki, Majaq ya ce karnukansa suna kiransa, ya fita.

Na ce, "Ka gafarce ni." Ban taɓa faɗa wa mutum haka ba, ta fito a karkace.

Ya zauna a kan akwati. "Ataata, ni ma akwai abin da ban faɗa ba. Na ga igiyar. Tun da na zauna a ciki na ga ta dama take."

"Ka gani? Me ya hana ka juya ta?"

"Kana tsaye a kan dutse kana kallona, ga maza. Na ce bari in yi nisa tukuna, in juya ta inda ba za ka gani ba. Ban yi nisa ba kifi ya taso a gabana."

Na zaci na gama jin kunya ranar Lahadi. Ashe ba a fara ba. Ƙugiya kuskuren hannu ce, ta yini ɗaya. Amma abin da ya riƙe hannun yaron nan a kan ruwa, bara na ɗinka shi, da bakina, ina sane.

Pavia ya ci gaba da magana.

"Likita ya ce hagun ba zai sake riƙe mashi ba. Filafili zai riƙe, in an yi masa maɗauri. Damar kuwa lafiyarta ƙalau, ba ta dai san komai ba. Ina da duhun hunturu gaba ɗaya in koya mata jifa a bayan gida." Ya shafa gefen kwalekwalen har yatsansa ya sami ramukan allura. "Ka mayar da ƙugiyar inda take. Yanzu nan ne wurinta."

"Aasiaat fa?"

"Regine ta ciro tukwane daga kwali, ta ce zuwa bazara ta gani. Sauran kwalayen ba ta kwance ba. Kai kuma ta ce ba ta shirya ganinka ba."

Na ce ta yi daidai. Na ɗauko allura. Sai a karo na uku zare ya shiga. Na ɗinka ƙugiyar a tsofaffin ramukanta, na sake tsuke maɗauran da ruwa ya sassauta, na naɗe igiya a faifai zobe bisa zobe. Da na gama na koma gefe.

Na ce, "Duba."

"Ataata, ai ba sai..."

"Duba, na ce. Ɗaya bayan ɗaya. Kuma buɗe ƙofar nan, masu wucewa su gani."

Ya buɗe ƙofa. Ya bi su da yatsa tun daga wurin wuƙa har wurin salka, bai yi sauri ba. A maɗauri na uku ya tsaya, ya ja, ya ce wannan ƙullin ya yi sako-sako. Bai yi ba. Shekara arba'in ina yin ƙullin nan, na san bai yi ba. Maganar ta taso har maƙogwarona, na haɗiye ta.

Ya kwance. Da hannu ɗaya ba ya ƙulluwa, sai na riƙe masa bakin igiyar ya ƙulla.

Iska daga gabas, ba ta da ƙarfi.